Tulun Inna Kulu

Shafi na 23

Daga Hajaratu 'Yar Mabai

Da sunan Allah mai rahama. Masu cika min waya da ƙorafin wai na cika ɗaure wa Inusa gindi, na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna, mu ga wa zai sake turo min saƙo. Sababbin zuwa kuma ku samu wuri ku zauna, ba za ku ɓata ba.

*

Tun la'asar Inusa yake goge motar.

Ba datti ne da ita ba. Fijo ce fara sabuwa dal, ledar kujerunta ma bai cire ba. Hannunsa ne kawai ya kasa zama wuri ɗaya.

Ya ajiye ta a ƙofar gidan kallo na Ƙanƙara, inda kowa zai gani. Yau ne gidan talabijin na Kaduna zai nuna gasar da ya ciyo ta a cikin shirin Zakaran Sitiyari, shirin da a shekarun nan na kuɗin mai har tsofaffi suke barin hira su matso in an saki kiɗansa. Gasar kuwa tun tsakiyar damina aka yi ta. Direbobi uku, kowa da tulu cike da ruwa a kujerar baya, daga Ƙanƙara zuwa Faskari, daga Faskari zuwa Sabuwa. Wanda ya isa da ruwa mafi yawa, mota tasa ce.

Amma ba motar ce ta hana Inusa sukuni ba. A cikin gidan kallon, a bencin gaba, mahaifinsa Baba Mati ne zaune da sandarsa.

Tsohon ya daina amsa gaisuwar Inusa tun ranar da aka binne Inna Kulu. Inusa yana Ikko da lodin shanu, bai zo ba sai da ciyawa ta rufe kabarin uwarsa. Musuluntar da ya yi ba ta raba su ba. Shigar ƙanwarsa Tabita coci ma ba ta ɗaga wa tsohon hankali ba, yana nan kan addinin kakanninsa na Maguzawa, ya ce kowa ya bi inda zuciyarsa ta kwanta. Kabarin nan ne ya raba su.

Sai yau da safe, a ƙauyensu na bayan 'Yargoje, tsohon ya yarda ya shiga motar. Yana kallon gefe ya ce, “Kai, in an gama kallon, ka kwana gida. Gobe in nuna maka inda gonarka ta tsaya.”

“Kai” yake ce masa. Ɗan fari ne, tunda aka haife shi Baba bai taɓa kama sunansa ba.

Maganar nan ce Inusa yake ta juyawa a ransa yana goge gilashi, sai ya ji an ce,

“Yaya.”

Ya waiwaya. Tabita ce, ta rame, gyalenta duk jar ƙasar hanya.

“Ke kuma mi ya kawo ki?”

“Motar kasuwa na hawo daga Mairuwa. Zo nan bayan mota.”

“Baba na ciki. In ya gan ki...”

“Ai ba ya gani sosai. Ba shi kake taƙama da shi ba?”

Tsumman hannunsa ya tsaya cak.

Suka zagaya bayan motar. Ta dube shi, ba gaisuwa, ba komai.

“Ina tulun Inna?”

“Wane tulu?”

“Yaya, kar ka mai da ni yarinya. Ni na share sawun tayarka da tsintsiya a bakin gonar gyaɗa. Ni na tsince ɓaraguzan tulun kasuwa a bakin rahi, na binne su. Tun ranar na sani.”

Bari in tuna wa masu mantuwa. A danginsu Inusa, in maginiya ta mutu, tulun da ta gina na ƙarshe ake kifewa a kan kabarinta. Ba mai ɗaga shi, ba mai shan ruwa a ciki. Yana nan har ƙasa ta ci shi da kanta. Inna Kulu kuwa maginiya ce, da ciwon ajali a jikinta ta gina nata.

Washegarin gasar, Baba Mati ya je gaida kabarin ya lalubo wayam. Da yake mutanen cocinsu Tabita sun taɓa cewa tulun nan tsafi ne, bai nemi ba'asi ba. Ya watso mata kayanta waje, ita da take dafa masa, take wanke masa tun rasuwar mijinta.

Inusa ya jingina da motar.

“Rami na hwaɗa, Tabita. Daidai kwanar garinmu. Tulun da suka ba ni ya hwashe, masu hoto suna can gaba suna jira a Faskari. Na duba gabas na duba yamma, ba gida ko ɗaya sai namu. Na ce aro ne. Na ce zan maido.”

“Aro wajen wa? Wajen matacce?”

“Ki rage murya.”

“Na rage ta tun damina. Ka san mi Baba ya ce mani gaban mutane? Ya ce na sayar da uwata don in samu wurin zama a coci. Na buɗe baki zan hwaɗi sunanka, sai na tuna Inna tana riƙe da hannuna tana cewa kar in bari ku rabu kahin shi ma ya tahi. Na haɗiye.”

“Na sani. Allah ya saka maki.”

“Ban zo neman addu'a ba. Ina tulun?”

Ya ɗauke kai.

“Shina Kaduna. A ohis ɗinsu. Sun ce sai an nuna shirin za su ba ni.”

“Ka rantse.”

“Ke, ni yayanki ne.”

Ta yi masa wani irin kallo, kallon mai son ta yarda don ba ta da wani abin riƙewa.

“To shiga ka hwaɗa mashi yanzun, kahin a kunna akwatin. Ka ce tulun shina nan, za ka maido. Zai yi hushi, amma zai sauko. In ya gani da kanshi, ba saukowa.”

“Ba zai gani ba. Akwatin nan baƙi da hwari ne, ga yayyahi a ciki. Kuma kin ga wancan mai jar hular da ke bakin ƙohwa? Salihu ne, na Faskari, shi ya zo na biyu. Tun ranar yake yawo tasha-tasha shina cewa ba mahalukin da zai bi hanyar nan ya kai ruwa har wuyan tulu. Dokar masu shirin ce, wanda ya canza tulu ko ya ƙara ruwa, a karɓe motar a ba na biyu. Kalma ɗaya yake jira.”

“Wato motar.”

“Ba motar ba ce kawai. Motar ce ta sa Baba ya dube ni.”

“Ni kuma ita ta sa ya kore ni.”

A daidai nan janareta ya yi tari ya kama, mutane suka fara turereniya a ƙofa. Inusa ya wuce ya bar ta tsaye. Ni dai a nan na fara jin haushinsa, ban san ku ba.

*

Gidan kallon ya cika har taga. Akwatin yana can sama a cikin kejin katako, ma'aikacin hukuma ya buɗe shi da makulli kamar mai buɗe rumbu. Inusa ya zauna kusa da mahaifinsa. Salihu ya samu wuri a bayansu daidai, ya tura hula gaban goshi. Tabita ta raɓe a jikin bango wajen mata.

Kiɗan shirin ya tashi. Sai ga Nata'ala mai gabatarwa, da sumarsa kamar kwando, da wando mai faɗin ƙafa, da tabarau ko rana babu.

“Jama'a, taya ta taɓa ƙasa! Yau Zakaran Sitiyari ya bar kwalta, ya shigo inda jaki ne sarkin hanya.”

Aka kwashe da dariya. Mutanen da ake wa ba'a su ne suka fi kowa dariya, don sun ga kasuwarsu a akwati.

Aka nuna direbobin uku. Aka nuna ana cika tuluna a rijiyar tasha. Da fuskar Inusa ta fito, ɗakin ya ɗauki sowa.

Baba Mati ya karkato.

“Kai ne wancan?”

“Ni ne, Baba.”

“Ka yi ƙiba a ciki.”

Ya faɗa yana murmushi. Rabon da Inusa ya ga haƙoran tsohon nan har ya manta. Wani daɗi ya kama shi, daɗin da ke tafe da tsoro.

Aka nuna motoci suna iyo a taɓo. Aka nuna ɗaya direban ya kafe a mashigin Faskari, manoma sun ajiye fartanya suna tura shi, Nata'ala yana gefe a kan busasshiyar ƙasa yana ba su umarni da lasifika. Aka nuna Salihu ya yi tsalle a kan kunya, ruwa ya wanke masa ƙeya. Aka yi ta dariya. Salihu bai yi ba.

Sai ga Sabuwa.

Tuluna biyu aka fara saukewa, kowanne ruwan bai kai rabi ba. Aka buɗe motar Inusa. Nata'ala ya leƙa, ya ja da baya, ya cire tabarau.

“Har wuya, jama'a. Har wuya.”

Tafi ya ɓarke a akwati, ya ɓarke a ɗaki. Inusa ya saki numfashi. A zatonsa nan za a yanke a nuna makulli.

Ba a yanke ba.

Mai hoto ya matso da tulun har ya cika akwatin. Nata'ala ya shafa wuyansa yana neman abin ban dariya, don shi ba ya iya barin abu ya wuce bai tsokane shi ba.

“Ku ga aikin ƙauye. Maginiyar nan ta danna babban yatsa a wuyan tulu har sau uku, ta manta ba ta shafe ba. Ɗaya, biyu, uku. Ko barci take yi ne?”

Ɗaki ya sake kwashewa.

Sandar Baba Mati ta daina motsi.

“Mi ya ce?”

“Wasa yake, Baba.”

“Yatsa nawa ya ce?”

Inusa ya yi kamar hayaniya ta hana shi ji.

Tsohon ya dafa benci ya miƙe. Aka fara cewa “Baba a zauna, an tare mana.” Bai zauna ba. Ya tako har gindin kejin, ya ɗaga kai, hasken akwatin yana wasa a fuskarsa.

A ciki Nata'ala yana cewa, “To Zakara, ka san al'adar shirinmu. Ka sha ruwan nasara, sannan ka buɗe wa sabuwar mota hanya.”

Inusa na cikin akwati ya ɗaga tulun ya kafa kai. Ya sha, ruwa yana bin gemunsa. Ya goge baki yana dariya.

Sannan ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

Ya maka shi a ƙasa gaban tayar Fijo.

Ƙarar ba ta da yawa, lasifikar akwatin ƙarama ce. Amma daga jikin bango aka ji wata 'yar ƙara ta fita daga bakin mace, kamar an taka ta. Tabita ce. Kaduna, in ji shi. A ofis, in ji shi.

Aka nuna ya shiga motar, ya bi ta kan ɓaraguzan, yana ɗaga wa jama'a hannu. Kiɗa ya tashi.

*

Mutane suka yo kan Inusa da barka. Baba Mati bai tsaya ba. Ya lalubi ƙofa da sanda ya fita, ya tsaya a gaban motar. Ana ta kiran magariba a masallacin tasha.

Inusa ya kutso ya fito da gudu.

“Baba, bari in buɗe maka. Gaba za ka zauna.”

“Tsaya nan inda nike jin numhwashinka.”

Ya tsaya. Salihu ya fito shi ma, ya jingina da bangon gidan kallo yana sakace, kunnensa duk a waje. Wasu suka rage tafiya.

“Tulun da ka hwasa. Ina ka same shi?”

“Su suka ba mu, Baba. A kasuwar nan aka saye su gaba ɗaya.”

“Wace maginiya ce a kasuwar nan take danna yatsa uku?”

“Maginai da yawa ne.”

“Ban tambaye ka yawansu ba.”

Muryarsa ba ta tashi ba. Da ma ta tashi, da ya fi sauƙi.

“Ina zaune gabanta ta gina shi. Hannunta na rawa, ni na riƙe mata gindin. Da ta zo wuya ta danna ta ce wagga na babban ne. Ta danna ta ce wagga na Gide ne, da ƙyanda ta ɗauke. Ta danna ta ce wagga na auta ne. Ta ce in an kihe shi bisa kanta, ɗiyanta na tare da ita.”

Tsohon ya ci gaba.

“Zan tambaye ka sau ɗaya. In ka ce shi ne, zan zage ka, in buge ka da sandar ga, mu tahi gida mu kwana. Gobe mu je ka durƙusa gabanta. Tulun uwarka ne?”

Masu karatu, ga ƙofa a buɗe. Tsohon da kansa ya buɗe ta, ya riƙe masa.

Inusa ya dubi mahaifinsa. Ya dubi Tabita da ta fito ta tsaya a bayan mutane, hannu a baki, tana gyaɗa masa kai alamar ya faɗa. Sannan ya dubi Salihu, wanda ya daina sakacen. Inusa ya kai hannu aljihu, ya damƙe makullin.

“Ba shi ba ne, Baba.”

“Sake hwaɗi.”

“Ba shi ba ne. Idonka ne. Akwatin ma ba ya nuna abu daidai.”

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin da ya riga ya sani.

“Idona ne. To.”

Ya juya wajen jama'a.

“Na ji kukan wata a ciki ɗazun. Na san kukan. Auta, kina nan?”

Tabita ta matso.

“Ga ni, Baba.”

“Kin sani?”

Ta dubi Inusa.

“Ba a tambayar mutum biyu a yi ƙarya biyu a rana ɗaya. Kin sani?”

“Na sani, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar.”

“Na watsa maki kaya a taɓo kina sani. Na kira ki abin da na kira ki kina sani.”

“Inna ce ta ce kar in bari ku rabu.”

Sai ga tsohon nan, da furfurarsa, yana neman durƙusawa a gaban 'yar da ya haifa. Ta tare shi da sauri, ta rungume shi tana kuka.

“Baba, don girman Allah kar ka yi mani haka.”

“Na ci haƙƙinki, auta. Ki yahe mani.”

“Na yahe. Tun ranar na yahe.”

Wata tsohuwa mai ƙosai a gefe ta ja bakin zane ta share ido. Salihu ya taso daga jikin bango, ya zo ya tsaya kusa da ƙofar direba, ya ɗora tafin hannu a kan rufin motar.

Inusa ya ga abin yana zame masa ta ko'ina.

“Baba, duhu na yi. Ku shiga in kai ku. Tabita, ki ce mashi ya shiga. Maganar gida a yi ta a gida.”

“Wane gida?” in ji Tabita.

“Baba, ka ce in kwana gida. Kai ka hwaɗa da bakinka.”

Baba Mati ya gyara riƙon sandarsa. Ya miƙa wa Tabita ɗaya hannun.

“Akwai motar kasuwa?”

“Ta ƙarshe ta tashi, Baba.”

“To da ƙahwa. Na san hanyar 'Yargoje tun ba a san taya ba.”

Suka fara tafiya. Inusa ya bi su taku biyu, ya waiwayi motar da hannun Salihu a kanta, ya tsaya. Ko a nan ma tsayawa ya yi.

“Baba!”

Tsohon ya dakata, amma bai juyo ba. Da Tabita yake magana, sai dai ya ɗaga murya yadda duk wanda ke ƙofar gidan kallon zai ji.

“Yatsa uku uwarku ta danna. Ɗaya na binne shi da hannuna shina ƙarami. Saura biyu nike cewa.”

“Baba, kar ka hwaɗa,” in ji Tabita. “Na roƙe ka.”

“Gobe da sassahe ki aika wa dangi, na Mabai da na Mairuwa. Kowa ya zo da abin zaman makoki.”

“Makokin wa, Baba?”

Tunda aka haifi yaron nan yake jiran ranar da zai ji sunansa a bakin mahaifinsa. Sai ga ta.

“Na Inusa.”